Laraba, tsakiyar kaka

Maganar gonakin nesa ce ta cinye addu'ar tsakiyar mako yau. Dawa ta isa yanka, amma tsoron abin da ake ji a daji ya hana mutane fita. Wata uwa ta tambayi dattijon ikkilisiya, "Baba, in na ƙi zuwa gona ni kaɗai, rashin bangaskiya ne?" Ya ce a buɗe Nehemiya 4:9. Masu ginin garun Urushalima sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana, mai busa ƙaho yana kusa da Nehemiya, aikin ya ƙare cikin kwana 52. Ezra kuwa, a sura ta 8, kunya ta hana shi roƙon sarki rakiyar sojoji, ya kira azumi. Nehemiya kuwa, a tasa tafiyar, ya tafi da rakiyar sojojin sarki. Dukansu ga Allah suka dogara, don haka ban ga dalilin da zai sa wani ya raina bangaskiyar wani ba.

Aka shirya gayya: a fita rukuni bayan gari ya waye sosai, a dawo kafin ƙarfe 4, a bar wa na gida sunan gonar da aka nufa, waya cike da caji.

Na dare ya fi wuya, tsoron da ke tada mutum ƙarfe 2. Abin da ke aiki shi ne a kira shi da sunansa. "Ina tsoro" ya yi faɗi. A ce, "Ya Ubangiji, ina tsoron a tare ɗana a hanya gobe." Sannan a raba takarda biyu, gefe ɗaya abin da ke hannunka, ɗayan abin da ba ya hannunka. Na farko a yi shi da safe. Na biyu a miƙa wa Allah da baki, bisa ga 1 Bitrus 5:7, a rufe takardar. Aya ɗaya ta isa, a haddace ta tun da rana, domin cikin duhu ba a neman shafi. Zabura 56:3 gajera ce, kuma Dawuda ya yi ta ne lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat. Bai ɓoye cewa yana jin tsoro ba.

Inda abin yake lalacewa: addu'ar ta koma lissafin masifu, mutum ya tashi daga durƙuso ya fi dā firgita. Shi ya sa Bulus ya haɗa roƙo da godiya a Filibiyawa 4:6, daga kurkuku ma ya rubuta. A ambaci abu uku da Allah ya riga ya yi kafin a roƙi sabo. Sai kuma wayar nan. Bidiyon WhatsApp da ba a san ranarsa ko garinsa ba yana rushe addu'ar awa guda, a ajiye ta nesa da shimfiɗa.

Wanda faɗuwar gaba da rashin barci suka wuce masa mako biyu, ya je asibiti a duba shi, a auna jininsa, ya kuma gaya wa fasto. Gobe gayyar za ta fara da gonar gwauruwar da ke bayan rafi.