Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Mai Kitso

A makon jiya na tsaya a inda na samu aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi a garin St. George, can ƙuryar kudancin jihar Yuta a Amurka. Yau zan ba ku labarin matar da aka haɗa mu aiki da ita a farkon 2016.

Ba zan faɗi sunanta ba. Ni dai tun ranar farko Mai Kitso nake ce mata a zuciyata, saboda jelar gashi guda ɗaya da ta sauko mata har ƙugu. Baturiya ce doguwa, ba ta wuce shekara talatin ba, amma tafin hannunta da kanta kamar na mai surfe. Ba ta da surutu, sai murmushi. Tsoho ya zage ta, murmushi. Ya ture kwanon abinci a jikinta, murmushi. Tun ina yaba mata har abin ya fara ba ni haushi, don ni a wurinmu wanda ba ya ɓata rai ko kaɗan ana yi masa kallon biyu.

Wani dare wajen ƙarfe uku muna shan shayi, ina duba hoton sallah da aka turo mini daga Kano. Baba a tsakiya da babbar riga, matansa uku a gefe, mu 'ya'ya da jikoki kamar 'yan makarantar allo. Ta leƙo ta ce wacce ce mahaifiyata. Na nuna Inna, na ce waɗannan biyun kuma abokan zamanta ne. Na gyara zama ina jiran irin kallon nan da Turawa suka saba yi mini in an zo nan. Sai ta ce, a hankali, "Mahaifina huɗu gare shi."

Wallahi daɗi na ji kamar na tsinci 'yar unguwarmu. Na saki baki ina zuba: yadda ake rabon girki kwana bibbiyu, yadda Umma, uwargidan Baba, ita ta yaye ni, yadda mutanen ƙasar nan suke zagin abin da ba su sani ba. Ta bar ni har na kai aya, sannan ta tambaye ni:

"A wurinku in mace ta gaji, ina take zuwa?"

Na ce gidan ubanta mana. Ta yi yaji, miji ya bi ta da biko, in abin ya faskara a je gaban alƙali a raba.

"Gidan uban nata na wane ne?"

Na yi dariya na ce nasa ne mana, na wa zai zama? Ita ba ta yi dariya ba.

A daren nan da dararen da suka biyo baya na san inda ta fito. Tafiyar awa ɗaya ce a mota daga inda muke zaune. Garuruwa biyu ne manne da juna a kan iyaka, Hildale a Yuta da Colorado City a Arizona, mutanen wurin suna kiransu da tsohon sunansu, Short Creek. Babbar cocin Mormon, wadda hedikwatarta take Salt Lake City, ta bar auren mace fiye da ɗaya tun 1890, kuma duk ɗan cocin da ya yi korarsa ake yi. Waɗanda suka ce ba su yarda ba su ne suka ɓalle, wasunsu suka tare a gindin waɗannan jajayen duwatsu, daga baya aka san su da FLDS. A koyarwarsu namiji ba ya kaiwa matakin ƙoli a aljanna sai yana da mata aƙalla uku. Kuma ba shi yake nema ba. Shugabansu, wanda suke kira annabi, shi yake cewa wance ta wane ce, wai wahayi ne.

Ga amsar tambayar da ta yi mini. Daga 1942 filaye da gidajen garin suka zama ba na mazauna ba, na wani asusun amana mai suna United Effort Plan, wanda shugabanni suka riƙe har 2005. Mutum ya gina gida da guminsa, amma ranar da aka ce ya fita, fita zai yi. Matansa da 'ya'yansa ma a wurinsu aro aka ba shi. A watan Janairun 2004 Warren Jeffs, wanda ya gaji shugabancin cocin daga mahaifinsa Rulon a 2002, ya tsaya a gaban taro ya kori maza wajen ashirin a zama ɗaya, har da magajin garin Colorado City, ya ce su je su tuba daga nesa. Aka raba iyalansu ga wasu mazan.

Mahaifin Mai Kitso ba ya cikin waɗannan, nasa ya zo daga baya. Ta ce da safe suka karya tare, kafin la'asar an kwashe mahaifiyarta da su bakwai an kai su gidan wani mutum, aka ce daga yau shi ne babansu. Aka cire hotunan mahaifin daga bango. Ba a faɗa musu laifinsa ba, shi ma ba a faɗa masa ba, ce masa aka yi ya rubuto zunubansa da kansa, in sun dace da abin da aka gani a wahayi za a duba. Ƙanenta kuwa yana da shekara goma sha biyar aka kama shi ya kalli fim. Aka ɗauke shi a mota aka sauke shi a bakin titi da jaka ɗaya. Irin waɗannan samarin suna da yawa, har suna gare su a Yuta, ɓatattun yara ake ce musu. Lissafin ba shi da wuya: in tsoho ɗaya zai tara mata goma, dole a rage samari.

Ita kanta da daddare aka faɗa mata za a ɗaura mata aure washegari. Shekararta goma sha tara, shi ya haura hamsin, ita ce ta uku. Na ce ba ki yi kuka ba? Ta ce kuka rashin imani ne. Akwai wata kalma da ake yi wa yarinya huɗuba da ita tun tana rarrafe, ma'anarta ki zauna da zaƙinki: kada ki ɗaure fuska, kada ki yi tambaya, ki haɗiye. Nan na gane murmushin da yake ba ni haushi, sai kunya ta kama ni.

Na tambaye ta me ya hana su zuwa wurin 'yan sanda. A lokacin 'yan sandan garin 'yan cocin ne. A watan Maris na shekarar nan da muke hirar, wata kotun tarayya a Phoenix ta samu garuruwan biyu da laifin nuna wa waɗanda ba 'yan cocin ba wariya wajen aikin 'yan sanda da ba da ruwa da gidaje. Hukumar waje kuma tun suna yara ake tsorata su da ita, kuma ba a banza ba. A 1953 gwamnan Arizona ya tura jami'ai suka mamaye Short Creek, suka kwashe yara 263, wasu sai bayan shekara biyu suka koma gida. Kakarta tana cikinsu. Duk yarinyar da ta tashi da wannan labarin, ko ana yanka ta ba za ta kira hukuma ba.

Shi Warren Jeffs a lokacin ya daɗe a kurkuku. An kama shi a watan Agustan 2006 kusa da Las Vegas, bayan hukumar binciken laifuka ta FBI ta sa shi cikin mutum goma da take nema ruwa a jallo, a cikin jar mota ƙirar Cadillac, shi da ya hana mabiyansa sa jan kaya. A 2008 hukuma ta shiga gandunsu da ke kusa da Eldorado a Teksas ta kwashe yara fiye da 400, kotu ta sa aka mayar da su, amma takardu da faifan murya da aka samu a can su suka ɗaure shi. A 2011 aka yanke masa ɗaurin rai da rai da ƙarin shekara 20 saboda lalata da yara mata biyu, 'yar shekara 12 da 'yar 15, waɗanda ya kira matansa. Na ɗauka da wannan komai ya ƙare. Ta ce a'a, ƙuntatawar ma sai bayan nan ta ƙaru. Daga kurkukun yake aiko da umarni, aka hana yara kayan wasa, aka hana miji kusantar matarsa, aka ware tsarkaka daga sauran, a gida ɗaya uwa ta ci abinci daban da 'ya'yanta. A wannan rabon aka ce ita ba ta cancanta ba. Ta fito a 2013 da yara biyu ƙanana. Babbar 'yarta aka riƙe.

Ranar Juma'a na kira Inna na kwashe labarin kaf na faɗa mata. Ta yi ta salati. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ba aure ba ne, kiwo ne. Duk wanda ya ce shi kaɗai Allah yake yi wa magana, a yi nesa da shi." Na ce haka ne, Inna. Na so in tsaya a nan, bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, kun tuna 'yar gidan Kawu?"

Sa'ata ce, tare muka yi firamare. Shekararta goma sha huɗu aka ba da ita ga abokin kasuwancin Kawu. Sau uku tana yaji, gidan kuma na ubanta ne, babu wani asusun amana, amma sau uku yana ɗaukar dorina yana mayar da ita da kansa. Mu mata muka taru a ɗakinta muna ce mata ta yi haƙuri, aure ibada ne. Har da ni a masu faɗa, ina aji biyu a sakandare, ban san komai ba. Na yi wa Mai Kitso alfahari da yaji da biko da alƙali, kuma gaskiya na faɗa, akwai su, na ga matan da suka bi ta nan suka fita lafiya. Wannan ɗayar ce ban ba ta labarinta ba.

Inna ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "Ki bar tone-tone. Kin ci abinci?"

Bayan kwana biyu muna canza wa wata tsohuwa zanin gado, Mai Kitso ta ja bakin zanin ta ɓangarenta, ba ta ɗago ta dube ni ba, ta ce, "'Yar'uwa, motarki tana da lafiya?" Na ce tana lallaɓawa. Ta ce ranar Asabar 'yarta za ta cika shekara goma. Motar da take aro duk garin an san lambarta, da ta doso masu gadin coci za su biyo ta da manyan motocinsu masu baƙin gilashi. Tawa ba wanda ya sani. Ba magana take so ta yi da yarinyar ba, ta san gidan da aka ajiye ta, tana so mu wuce ta ƙofar ne a hankali, sau ɗaya.

Na dubi hijabina, na dubi baƙar fatata, na ce mata, "Ke kina ganin ni ce ba za a lura da ni ba a garinku?" Ranar na fara jin dariyarta ta gaske, har tsohuwar ta farka tana tambayar ko gari ya waye.

Asabar da asuba na zuba mai a mota. Abin da muka tarar a Hildale sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.