Yadda Za Ka Sa Kiɗa Ya Yi Tsalle Daga Baiti Zuwa Amshi Da Kansa

Duk wanda ya taɓa riƙe wa mawaƙi kwamfuta a wajen biki a Kano ya san wannan matsalar. A sitidiyo an tsara baiti uku da amshi, amma da an fara liƙi sai mawaƙi ya zarce da kirari, kiɗa kuwa ya riga ya faɗa amshi. Jan linzamin kwamfuta da hannu ba ya fitar da kai, domin da wuya ka sauka daidai kan bugu. Manhajar ce ya kamata ta yi tsallen.

A manhajar haɗa kiɗa ta Cubase aikin na Arranger Track ne, wato layin da ake tsara jerin sassan waƙa a kansa. Ka ƙara shi, ka ɗauki fensir ka zana yanki a kan shimfiɗa, wani a kan kowane baiti, wani a kan amshi, ka sa musu suna. Kafin ka zana komai ka kunna Snap, mai sa zanenka ya sauka daidai kan layin ƙirga, ka ɗaure shi a kan bar, wato gaɓar da manhaja take ƙirga kiɗa da ita. Daga nan ka jera yankunan yadda kake so su biyo juna, ka rubuta sau nawa kowanne zai maimaitu, ka kunna Arranger Mode. Don wajen taro kuma akwai Jump Mode, mai faɗa wa manhajar lokacin da za ta yi tsalle bayan ka danna: gaɓa ɗaya, biyu, huɗu, ko ƙarshen yanki. Ka yi lissafi tukuna. A gudun 120, kiɗa mai bugu huɗu, gaɓa ɗaya daƙiƙa 2 ce, gaɓa huɗu kuwa daƙiƙa 8. Jiran daƙiƙa 8 ya yi yawa ga mawaƙin da ya riga ya ɗaga maka hannu, shi ya sa na fi son gaɓa ɗaya.

Masu FL Studio, Alt+T ne yake dasa alama a Playlist. Danna ta da maɓallin dama ka zaɓi aikinta: Marker skip ya tsallake zuwa alama ta gaba, Marker loop ya maimaita tsakanin alamomi biyu, Marker pause ya tsayar. A Ableton Live kuwa Follow Actions ne, wato umarnin abin da zai biyo bayan yanki, kuma tun fitowar Live 11 a 2021 ana iya ɗora su a kan layi sukutum, wato Scene, jerin yankunan da suke tashi tare.

To, ga inda aka fi yin ɓarna. Amshinmu sau da yawa ba ya jiran bugun farko. 'Yan amshi sukan shigo da kalma ɗaya ko biyu tun a wutsiyar baiti, kalangu ma yakan yi 'yar birgima kafin a sauka. Idan ka yanka daidai kan gaɓa, wannan kalmar tana cikin yankin baya, sai ka ji amshi ya fara babu kai. Maganinsa, ka ware gaɓar ƙarshe ta baiti ta zama ƙaramin yanki mai zaman kansa, ka kira shi gada, duk tsallen da za a yi zuwa amshi ya bi ta kansa.

Sai dogon sautin piyano da ya fara kafin layin yanka. Manhajar tana iya rasa umarnin fara shi, wurin ya zama fayau. Ka raba shi biyu daidai kan layin. Muryar da aka riga aka haɗe ta da amsa-kuwwa ita ma takan yanke kwatsam, don haka ka bar amsa-kuwwar a tashar aike, wato tasha ta daban da ake tura mata muryar, ta ci gaba da kanta. In kana jin ƙas a mahaɗa, ka disashe bakin sautin da milisakan 5 zuwa 10.

Flatten kuwa, mai shimfiɗe jerin ya zama waƙa miƙaƙƙiya, kada ka danna shi sai ka ajiye kwafin aikin da wani suna daban.