Daga Bakin Nilu Zuwa Meroye: Karatun da Na Yi wa Labarin Karikiliya

Gari na wayewa, wasu 'yan fashi suka leƙo daga kan tudu, kusa da inda kogin Nilu ke zuba cikin teku. Ga jirgin ruwa maƙare da kaya, babu kowa a ciki. Ga gawawwaki warwatse a bakin gaɓa, haɗe da ragowar abinci da kofunan sha, alamar biki ne ya rikiɗe ya koma yaƙi. Can kan dutse wata budurwa na zaune da kwari da baka, ta ƙura wa wani saurayi ido, shi kuwa yana kwance jina-jina. Haka Heliyodorus ya buɗe littafinsa mai suna Aethiopica, bai faɗi ko su wane ne ba, ba shi kuma da niyyar faɗa da wuri.

Littafin ɗaya ne daga cikin labaran soyayya 5 na tsohuwar Girka da suka iso mu a cike, an kuwa rubuta shi a ƙarni na 3 ko na 4 miladiyya. Ba na jin Girkanci, don haka da Turanci na karanta. Na fara leƙa fassarar Thomas Underdowne ta 1569, amma Turancinta ya tsufa, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi. Na koma kan ta J. R. Morgan, wadda ke cikin kundin da B. P. Reardon ya haɗa a 1989, nan ne hanya ta buɗe mini. Wanda zai fara, shawarata ya fara da sabuwar.

Haƙuri shi ne abu na farko da littafin ya nema a wurina. Daga kashi na 2 har zuwa na 5, cikin kashi 10, wani dattijon malamin addini ɗan Masar mai suna Kalasiris ne ke ba wani saurayi ɗan Atina, Kinemon, labarin abin da ya wuce. Labari cikin labari, wani mai maganar ya kawo zancen wani, har sai da na ɗauki takarda ina rubuta wa ke magana yanzu. Inda na fi jin daɗi shi ne lokacin da dattijon ya so ya tsallake bayanin jerin gwanon bikin da aka yi a Dalfi, wani gari a Girka, Kinemon ya tare shi ya ce bai yarda ba, sai ya nuna masa komai. Tamkar yaro ne a gaban kaka da dare, tana so ta gutsure tatsuniya shi kuwa ya ƙi. A wurin bikin nan ne Tiyajinis, saurayin nan na shafin farko, ya karɓi wutar hadaya daga hannun Karikiliya, budurwar kan dutse, ido ya faɗa cikin ido, kowa ya koma gida da ciwo. Sai a ƙarshen kashi na 5 mai karatu ke gane abin da ya jawo gawawwakin nan na shafin farko, kuma wallahi jiran ya biya.

Wanda ya saba da littattafan soyayyar Kano ba zai ji baƙunta sosai ba. Masoyan nan biyu sun yi rantsuwa ba za su kusanci juna ba sai an ɗaura aure, kuma suka riƙe alkawarin duk da 'yan fashi, da bauta, da matar gwamnan Farisa a birnin Manfis na Masar, Arsaki, wadda ta maƙale wa Tiyajinis har ta sa aka jefa Karikiliya cikin wuta. Yarinyar ce ma mai dabara a cikinsu. Ita ke cewa shi ɗan'uwanta ne don ta kare shi, ita ke jan masu neman aurenta da alkawarin gobe.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne alƙiblar tafiyar. Daga Girka ake fita, a ratsa Masar, a nufi kudu, domin gidan Karikiliya na asali Meroye ne, birnin da kufansa ke cikin Sudan ta yau. 'Yar Sarki Hidasfis ce da Sarauniya Farsina, baƙaƙen fata, amma aka haife ta fara, wai don uwar ta kalli zanen Andiromeda, wata farar mace ta tatsuniyar Girkawa, lokacin da ta ɗauki cikin. Tsoron zargin zina ya sa ta rabu da jaririyar, ta haɗa ta da zobe da wani ƙyalle da ta rubuta gaskiyar lamarin a jiki. Wannan ɓangaren ya dame ni, don ina ganin marubucin bai iya ba masu karatunsa jaruma baƙa ba sai da ya farar da ita. Duk da haka, mafi adalcin sarki a littafin shi ne Hidasfis. Ya kewaye garin Siyene, wato Aswan, ya juyo ruwan Nilu ya zagaye ganuwar, da mutanen suka miƙa wuya kuma ya yi musu afuwa.

A Meroye aka kawo masoyan a matsayin fursunonin yaƙi da za a yi hadaya da su. Karikiliya ta fito da ƙyallen, ta kuma yaye hannun riga aka ga wani baƙin zobe na fata da ya zagaye farin damtsenta. Uwa ta rungume 'yarta. Tiyajinis ya kayar da bijimin da ya ɓalle bayan ya firgita da ganin raƙumin dawa, ya kuma kayar da wani ƙaton ɗan kokawa. Shugaban malaman ƙasar, Sisimitiris, ya tsaya kai da fata a daina yanka mutane, sarki ya amince, aka haɗa su aure. Sai a layin ƙarshe marubucin ya faɗi sunansa, ya ce shi Bafinike ne daga Emesa, garin da a yau ake kira Hums a Siriya.