Abin da na koya a ɗakin fayilolin tsofaffin gine-gine

Yanzu da na miƙa makullan ɗakin fayiloli ga waɗanda za su gaje ni, na ga ya dace in rubuta musu abin da takardar miƙa aiki ba za ta ɗauka ba. Wuraren da dokar ƙasa ta kare a Jihar Bauchi ba su da yawa. Akwai Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya, ya gina, aka kuma ayyana shi a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1956. Akwai zanen duwatsun Geji da na Shira, da kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa. Sauran soraye da zauruka da guntayen ganuwa da ke warwatse a masarautunmu kuwa, ba su da wani matsayi a gaban gwamnati sai ɗan siririn fayil ɗin da ke cikin kabad ɗinmu, kuma duk abin da fayil ɗin bai faɗa ba, a wajen hukuma bai faru ba.

Na fahimci haka ne a kan wani tsohon zaure mai ɗaurin guga, wato rufin ƙasa da ginshiƙai masu lanƙwasa kamar baka suke ɗauke da shi, da aka tura ni dubawa ana gab da faɗuwar damina. Na tarar indararo biyu sun karye, ruwan bara ya bi bango ya zaizaye gindinsa, gara kuma ta ci azara har na tura ɗan yatsa ya shige. Sarkin maginan garin ya ce mini in aka sami azara da makuba da ladan leburori, zai ɗaure shi kafin ruwa ya kankama. Na rubuta rahoto da awo da hotuna, na kai wa shugaban sashenmu hannu da hannu, saboda ya ce abin gaggawa ba ya buƙatar bin ta rajista. Duk lokacin da na tuna masa sai ya ce, "Malam, ka cika gajen haƙuri, ginin da ya shekara ɗari ba bana zai faɗi ba." A watan Agusta rufin ya rufta.

Da aka kafa kwamiti, mutumin nan ya dubi idona ya ce bai taɓa ganin wani rahoto ba. Aka ɗauko fayil, shafi na ƙarshe a ciki wasiƙa ce ta shekarun baya. Ni aka ba takardar tuhuma kan sakaci, ni kuma aka tsallake a ƙarin girma na wannan zagaye. Kwafin da ke hannuna bai amfane ni da komai ba, domin babu hatimin karɓa a kansa, babu sa hannun masinja. Ban ɗaukaka ƙara ba, kuma har yau ban yarda cewa takardar ɓacewa ta yi ba.

Saboda haka, kada takarda ta bar teburinku sai ta shiga rajista, an buga mata hatimi da kwanan wata, ko da wanda ya ce ku miƙo masa ita kai tsaye ya haife ku. Daga wannan shekara ban sake tsallake wannan ƙa'ida ba, kuma duk da ana yi mini laƙabi da mai taurin kai, babu fayil ɗin da ya sake yin ƙafa a hannuna.

Sauran darussan ba su da tsawo. Idan ɗan kwangila ya kawo shawarar shafe bangon ƙasa da siminti, ku rubuta rashin amincewarku a fayil, domin siminti yana kulle danshi a ciki, tubali ya ruɓe ba a gani. Ku rubuta sunan maginin da ya yi kowane yaɓe da inda ya ɗebo ƙasarsa. Mai neman tsofaffin takardu kan Gombe Abba, tsohuwar hedikwatar masarautar Gombe, ko Mbormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama a 1903, ya tuna cewa sai a 1996 aka cire Gombe daga Bauchi, kuma fayilolin tsohon Lardin Bauchi suna taskar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Shi shugaban namu ya yi ritaya da girmansa, har da liyafar bankwana. A gurbin zauren yanzu shaguna ne na bulo, amma fayil ɗinsa yana nan a kabad na biyu, na kuma bar kwafin rahoton nawa a ciki, wannan karon da hatimi.