Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Kujerar da ta kai ni rumfar maza

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya ne a ranar da aka kira mu ofis mu goma sha huɗu aka miƙa wa kowa takardar sallama, wai kamfani zai rage ma'aikata, bayan na yi shekara 27 ina riƙe da sito. Yau daga nan zan ɗora, kuma gaskiya wannan kashin ya fi kowanne yi min nauyin rubutawa, sau uku ina farawa ina gogewa.

Ranar da aka sallame ka da sauƙi, mutane na ta shigowa suna jajanta maka, waya na ta ƙara. Litinin ɗin da ta biyo baya ita ce ban shirya mata ba. Na tashi da sassafe kamar kullum, nayi wanka na sa kaya har da takalmi, na kai hannu aljihun dama inda makullan sito suke zama shekara da shekaru, naji wayam. Sai na zauna a bakin gado da takalmin a ƙafata har wajen ƙarfe tara. Uwargida ta leƙo ta ganni, ta saki labulen ta koma ba ta ce komai ba, daga baya take gaya min kuka taje tayi.

Wata takwas nayi a haka. Kar wani ya ɗauka yunwa ce, an biya ni haƙƙina kuma yara biyu suna aiki suna taimakawa, Alhamdulillah. Abin da ya ci ni shi ne ba inda ake jira na. Mutanen da muka yi shekara ashirin muna haɗuwa kullum ashe aikin ne igiyar da ta ɗaure mu, da aka kwance ta kowa ya kama gabansa, kuma ban ga laifinsu ba don ni ma ban kira kowa ba, kunya nake ji a tambaye ni me nake yi yanzu. Sai in wuni in kwana ban yi hirar minti biyar da wani namiji sa'ana ba, daga ina kwana sai lafiya lau. A gida na zama mai faɗa kan abin da bai taka kara ya karya ba, wa ya bar fitila a kunne, wa ya taɓa min caja, jikokina da suke rige-rigen hawa cinyata suka koma raɓewa bayan uwarsu in na shigo. Barci ya ƙaurace min, jinina ya hau, likita ya dube ni yace akwai abin da ke damunka ne, nace masa babu komai. Wallahi a lokacin ban ɗauka ƙarya nake ba, ban san sunan abin ba ne kawai.

'Yata ta biyu ce ta fara kawo maganar wajen. Tace Abba akwai wani gareji da dattawa suke taruwa suna aikin katako da gyare-gyare, baban ƙawata yana zuwa, ko za ka leƙa? Nace ni sito na riƙe ba zarto ba, ki ƙyale ni. Ta yi shiru. Bayan kamar sati biyu sai ga ta da wata kujerar katako ta ɗakinta, ƙafar baya ɗaya ta zare tana lilo, tace Abba don Allah ka kai min can a gyara, ni ba ni da lokaci. Sai da aka yi wata shida ta amsa min cewa ita ta ƙarasa zare ƙafar da hannunta. Allah Ya yi mata albarka.

Tsohon gareji ne mai rufin kwano, dogayen benci biyu a tsakiya, dusar katako a ƙasa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa ba mai saurarensa, mutum bakwai ko takwas kowa ya duƙa kan abin da ke gabansa. Wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, ya haura saba'in, tsohon malamin aikin katako ne a makarantar koyon sana'a, shi ya taso ya karɓi kujerar ya juya ta ya duba. Nace nawa ne gyaran kuma yaushe zan dawo in karɓa. Ya yi murmushi yace Malam nan ba a gyara wa mutum, shi ke gyarawa, mu dai mu tsaya kusa da shi. Raina ya ɗan sosu, har na kama kujerar zan fita, sai kawai ya sa min samfefa a hannu ya nuna min bakin ƙafar yace ka ga wannan busasshen gam ɗin? Sabon gam ba ya kama kan tsoho, sai ka kankare shi tas har katakon ya fito fes.

To haka na tsaya ina gurzawa. Ya sa na share cikin ramin shi ma, ya sa na gwada ƙafar a bushe tukuna, ta ɗan yi sako-sako, ya fere wani siririn katako kamar tsinken ashana yace in cusa a gefe. Sannan na shafa gam, na buga a hankali da guduma ta kan wani guntun katako don kar kujerar ta ji ciwo, gam ɗin ya tsattsafo ta gefe yace yawwa haka ake so, goge da jiƙaƙƙen tsumma tun bai bushe ba. Muka ɗaure ta da igiya muka sa sanda muka murɗa har ta matse. Na duba agogo, awa biyu da rabi ta wuce ban sani ba, ni da nake ƙirga mintuna a gida. Yace kar ka taɓa ta sai gobe war haka. Kun ga ke nan dole in dawo, kuma a daren nan na kwanta da sanin cewa gobe ƙarfe goma akwai inda zan je. Kar ku raina wannan, wanda bai taɓa rasa shi ba ba zai gane girmansa ba.

Washegari bayan mun kwance igiyar na tambayi Baba wa ya kawo dabarar buɗe wannan wajen. Yace ba tasa ba ce, karantawa yayi, a Ostireliya abin ya samo asali, can suna ce masa Men's Shed, wato rumfar maza. Da na koma gida na ɗauki waya na shiga intanet na bi diddigi, don ni mutum ne mai son ganin abu a rubuce. Na tarar tun 1993 aka buɗe irin wannan waje a wani ƙaramin gari mai suna Goolwa a kudancin ƙasar, a 1998 aka buɗe wani a Tongala a jihar Victoria, a 2007 suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, yanzu rumfunan nasu sun haura 1,000. Daga nan abin ya tsallaka Ailan a 2009, Burtaniya ma suka kafa tasu ƙungiyar a 2013. Kuma har gwamnatin Ostireliya ta sa rumfunan cikin tsarinta na kula da lafiyar maza a 2010 tana ba su tallafi, ka ji inda aka ɗauki guduma da ƙusa a matsayin maganar lafiya. Akwai wani farfesa, Barry Golding, da ya daɗe yana bincike a kansu, shi ya faɗi maganar da suka mayar takensu, cewa maza ba sa magana ido da ido, kafaɗa da kafaɗa suke magana.

Da na karanta ban gama yarda ba sai da ya faru a kaina. Akwai abin da na yi fiye da shekara ina ɓoyewa, ko uwargida ban zauna na gaya mata ba duk da tana gani, fitsari ne yake tashe ni sau huɗu sau biyar a dare, in je in tsaya ya ƙi fita sai ɗigo-ɗigo. Ran nan muna gefe ɗaya da wani tsohon direban babbar mota, shi yana riƙe da katako ni ina yankawa, idonsa na kan layin fensir, sai kawai yace, ɗan'uwa ni fa bara fitsari ya kusa kashe ni. Haka kawai, kamar mai zancen ruwan sama. Ya ba ni labarin yadda ya yi ta jinkiri har ranar da fitsarin ya tsaya cak aka kwashe shi sai asibiti cikin dare. Ni ma ban ɗago ba, ina jan zarto nace nawa ma haka yake yi. Yace tun yaushe, na faɗa masa, yace gobe ba za ka zo nan ba, asibiti za ka, in kana jin nauyi ni zan raka ka. Kuma ya raka ni. Likita yace kumburin wata gaɓa ce da ke ƙarƙashin mafitsara, yana yawan samun maza in sun haura hamsin, aka yi gwaje-gwaje aka ɗora ni kan magani. Da a ce mutumin nan zaunar da ni yayi ya kafe ni da ido yace faɗa min damuwarka, na rantse da lafiya lau zan ce masa kamar yadda na ce wa likitan farko.

Na daɗe ina tunanin dalili. Mu maza tun muna yara ake koya mana haɗiye abu, kar ka yi kuka, kar a ga gazawarka, sai mutum ya girma bai san ta inda ake buɗe baki ba. Amma in hannu na aiki ido na kan katako, magana sai ta sulalo da kanta, in ta yi nauyi ka ja zarto sau biyu ka huta, ba mai matsa maka ka ƙarasa. Kuma haɗiyar nan tana kisa fa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu. A 2018 Burtaniya har minista ta naɗa kan matsalar kaɗaici. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa illar rashin cuɗanya da mutane tana iya kai wa ta shan sigari 15 a rana. Ni da ban taɓa kai sigari bakina ba, na karanta wannan na tuna wata takwas ɗin nan jikina ya yi sanyi.

Amma fa in faɗi gaskiya, rumfa ba asibiti ba ce. Akwai wani bawan Allah a cikinmu da matarsa ta rasu, ya yi sati uku yana zuwa yana zama a lungu yana ware ƙusoshi manya daban ƙanana daban bai ce uffan ba, ba kuma wanda ya takura masa. Ranar da ya buɗe baki abin da ya faɗa ya fi ƙarfin guduma da zarto, Baba ya ajiye aikinsa ya zauna da shi har yamma, washegari da kansa ya kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Abin da rumfar ta yi masa shi ne an lura da shi, ranar da bai zo ba mutum uku ne suka kira shi.

Ni kuwa aikin katako na koya daidai gwargwado, mun haɗa ƙananan kujeru goma sha biyu mun kai wa wata makarantar yara, biyu a ciki ni na haɗa daga farko har fenti. Sai dai inda na fi amfani ba nan ba ne. Tun satin farko idona yake kan yadda ake ɓata lokaci wajen neman kaya, wa ya ga tef, ina sukudireba mai baki huɗu, an sayi filaya sau biyu alhali akwai uku a ƙasan wani kwali. Shekara 27 a sito, abin yana sosa min rai amma na yi shiru don ni baƙo ne. Wata rana dai na kasa haƙuri na zo da littafi mai layi da biro, na zazzage komai a ƙasa na ƙirga, na ba kowane kaya lamba, na buga ƙusoshi a jikin wani faffaɗan allo na zana siffar kowanne a inda zai rataya, yadda in an ɗauki sifana zanenta zai tsaya yana nuna ba ta nan. Kwana huɗu na yi a kai. Direban nan ya tsaya gaban allon ya riƙe ƙugu ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo yace kai Malam, ashe kai muke jira. Na fita waje na ɗan tsaya bayan garejin, don idona ya cika kuma ban so su gani a lokacin.

Bayan kamar wata biyu Baba ya kira ni gefe yace za a yi masa aikin ido, zai yi sati uku bai fito ba, ya ciro makullin garejin daga aljihunsa da wani tsohon zare ja a jiki yace Malam kai za ka riƙa buɗewa, ƙarfe tara, kar ka bari su tarar da ƙofa a rufe. Na karɓa da hannu biyu na sa a aljihun dama. Da na isa gida uwargida ta ji ƙararsa lokacin da nake cire riga, ta tsaya tace Malam makullin mene ne wannan? Na zauna na ba ta labari tun daga kujera har allo, mun kai sha ɗaya na dare muna hira, abin da rabonmu da shi tun kafin a sallame ni.

Sati mai zuwa in Allah Ya kai mu zan ba ku labarin sati ukun da na riƙe makullin, da saurayin da na tarar zaune a bakin ƙofa ranar farko, shekararsa bai fi 24 ba, yana tambaya ko ana karɓar irinsu.