Na je Ennedi da kamara, wurin ya fi ƙarfinta

Ni dai aikina hoton biki ne da suna a Njamena, wani lokaci in tsallaka Kusiri in an kira ni, amarya ɗago kai, ango matso kusa, shikenan. Ban taɓa wuce Abeche ba sai Disamban nan, da wani yayana mai tuƙa Land Cruiser yana kai baƙi arewa, Ennedi, yankin duwatsu a saharar Chadi, ya ce akwai wuri a motar kaya, in zan iya zama tsakanin jarkokin gazuwal da buhun gawayi in zo. Hajiya ta ce me zaka je nema a sahara, ba komai can sai rairayi da tsoffin motocin yaƙi. Na ce mata hoto. Ta ce hoton rairayi? Allah ya kiyaye hanya.

Hanyar ba zan daɗe a kanta ba. Kwalta har Abeche ta Mongo, daga nan Biltin, Kalait inda muka cika ruwa da mai, kasuwar tasu duk kayan Libiya ne, sai Fada. Kwana uku muka yi, rezo ya ɓace, ƙugu ya yi tsami, jandarmomi su duba takarda a wuce. Sanyin dare kuwa wallahi ban shirya masa ba, bargo ɗaya na ɗauko kamar mai zuwa Kusiri, sai a buhun gawayin nan na riƙa raɓewa.

Toh abin da ya fara bani kunya shi ne Aloba. Wata ƙofar dutse ce, tsayinta wajen mita 120, iska da ruwa ne suka sassaƙe ta, ba hannun kowa. Na tsaya ƙarƙashinta na ɗaga kai har hulata ta faɗi, na ja baya na ɗauka, na ƙara ja baya na ɗauka, na duba bayan kamara sai na ga abu kamar ƙofar zauren gidanmu. Haba! Abin da ke sa ƙafarka rawa ya dawo ɗan mitsitsi. Ina ta murɗe-murɗen lens yayana na shan shayi yana min dariya, can ya ce kai ƙane bari ka gani, ya tashi ya tafi can gindinta ya tsaya da farin rawaninsa, sai da na nemo shi da ƙyar a cikin hoton, ɗigo kamar tururuwa, sannan fa Aloba ta fito da girmanta. Shekara nawa ina korar mutane daga bayan amarya dan kar su ɓata min hoto, a nan kuma in ba mutum ko raƙumi a ciki hoton bai ce komai ba.

Rana ma sai ka san lokacinta. Daga hantsi zuwa la'asar duwatsun nan fari fat suke fitowa, kamar an wanke hoton da omo. Bayan asuba da dab da magariba ne suke yin ja kamar garwashi, kuma ba ya jimawa, kana gyara ƙafar kamara ya tafi. Rairayi kuwa ya shige min zum tun kwana na biyu saboda na yi gangancin canza lens a cikin iska, har yau in na murɗa sai ya yi ƙarar ƙas ƙas kamar ana tauna gyaɗa da tsakuwa.

Amma Arshe, Gelta ta Arshe, ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Mun tashi da duhu da wani dattijo Bagorane da ya san hanya, tafiyar sama da awa kan duwatsu, shi da silifa yana tafiya kamar a tsakar gida ni da kambas ina haki. Ba ka fara ganin komai, ji kake fara yi. Wani irin ruri yana tasowa daga ƙasa yana bugun bangon dutse yana dawowa, sai da tsigar jikina ta tashi. Da muka leƙa, kwazazzabo ne mai zurfi, ruwa kwance a ƙasa baƙi ƙirin, raƙuma sun shiga har gwiwa garke bayan garke, makiyaya na ƙwala musu kira. Baƙin ruwan nan kashin raƙuma ne na shekara da shekaru, warin ma yana iso ka har sama. Shi ke ciyar da gansakuka, kifi ya ci, kada ya ci kifin.

Eh, kada, a tsakiyar sahara. Ragowar zamanin da wurin nan ke da koguna ne, ruwa ya janye ya bar su a wannan ɗan kududdufi, yanzu da yatsun hannu ake ƙirga su. Na ce wa dattijon da ɗan Larabcina na kasuwa, Baba ina suke? Ya nuna da sanda can ƙarshen ruwa, ya ce in zauna in yi shiru. Mun fi awa guda. Na ɗauki raƙuma har na gaji, hotunan sun yi kyau ba laifi, amma duk wanda na nuna wa sai in ji ina cewa ai da ka ji ƙarar, da ka ji warin.

Zanen kogo kam ya fi sauƙin ɗauka tunda baya motsi. A Terkei akwai mahaya dawaki a guje da jan launi, da wata ƙatuwar saniya a rufin dutse, kuma in ka waiga waje ko ciyawar da akuya ɗaya zata ƙoshi babu. Shanun sun fi tsufa, raƙuma sai daga baya suka shigo zanen. Dattijon ya hana ni taɓawa, ya ce akwai masu watsa ruwa wai dan launin ya fito a hoto, ni wannan ban ga bambancinsa da ɓarna ba. Tun 2016 UNESCO ta sa Ennedi cikin kayan tarihin duniya, daga 2018 kuma wata ƙungiyar kula da gandun daji, African Parks, ke kula da wurin tare da gwamnatin Chadi, amma mutane na zaune a ciki da dabbobinsu, ba fili ne na banza ba. Wata mata a bakin rijiya da ta ga na ɗaga kamara ta juya baya ta ja mayafi, na sauke, na ji kunya, da a biki ne ko tambaya bana yi.

Da na sa hotunan a Facebook wani ya rubuta wai ƙarya ne wannan Amurka ce, wani ya ce haɗin kwamfuta ne, kuma duk ƴan Chadi ne fa. Hoton kada dai na samu ɗaya, daga sama, zum ya ƙure, wani dogon abu a bakin ruwa. Na kai wa Hajiya na buɗe mata shi da yatsu biyu, ta sa tabarau ta duba ta duba, ta miƙo min waya ta ce wannan ai itace ne.