Mako na goma da rahoton kamfani: inda na kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Yau mako goma ke nan ina zama da rahoton shekara na kamfani bayan sallar isha'i, na ga ya kamata in rubuta inda na kai, ko wanda ke tafe a bayana ya samu sauƙi.

Ban yi karatun akanta ba. Shagon kayan gini na kawuna nake tsare a nan Sakkwato, siminti da rodi da kwanon rufi. Don haka da na tashi zaɓen kamfanin da zan fara da shi ban je da nisa ba, na ɗauki BUA Cement, tunda masana'antarsa ta Kalambaina ga ta nan a bayan gari, kullum tireloli na wucewa da kayanta. A 1962 aka kafa ta a matsayin kamfanin siminti na Arewacin Najeriya, ta fara aiki a 1967, daga baya aka haɗe ta da wasu masana'antun, a farkon 2020 sunan BUA Cement ya hau kasuwar hannun jari. Rahoton kuwa kyauta ne a shafin intanet na NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, domin doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke kasuwar ya fitar da lissafinsa. Na sauke na 2023, na kai wajen masu kwamfuta aka buga mini shafukan lissafin kawai, don karatun lambobi a waya yana gajiyar da ido. Shawarata ta farko ke nan: ku fara da kamfanin da kuka san hajarsa da hannunku. Wanda ya taɓa sauke buhun siminti ya san abin da kuɗin dako yake nufi tun kafin ya gan shi a takarda.

Makonni biyu na farko ƙananan abubuwa suka cinye su. A saman kowane layin lambobi akwai ɗan rubutu, N'000, wanda ban kula da shi ba, sai na riƙa karanta biliyan a matsayin miliyan. Ashe sifili uku ake ƙara wa kowace lamba. Wasu kamfanonin ma da miliyan suke rubutawa, sifili shida ke nan. Lambar da aka sa a cikin baka kuma ragi ce, wato kuɗi ne suka fita ko asara aka yi. Shekarar da ake magana a kanta tana hagu, wadda ta gabace ta tana dama. Ba wanda ya gaya mini waɗannan, da tuntuɓe na same su.

Bayanin riba da asara bai ba ni wuya sosai ba, don ɗan kasuwa ya san shi ko bai san sunansa ba: ciniki a sama, a cire kuɗin da aka kashe wajen yin kayan, a cire albashi da dako da sauran hidima, a cire kuɗin ruwa na bashi, a cire haraji, abin da ya rage a ƙasa shi ne riba. Abin da ya tsayar da ni shi ne da na jera shekaru biyu. Cinikin kamfanin ya tashi daga wajen naira biliyan 361 a 2022 zuwa wajen biliyan 460 a 2023, amma riba bayan haraji ta sauko daga wajen biliyan 101 zuwa biliyan 69 da ɗoriya. Na ɗauki kalkuletar shago na raba riba da ciniki. A 2022, cikin kowace naira 100 da aka sayar, kusan naira 28 ta zauna. A 2023 naira 15 ce ta zauna. An sayar da kaya fiye da bara, an samu ƙasa da bara. Ina kuɗin suka shiga?

Kwana uku ina juya wannan tambaya. Amsar tana cikin ƙarin bayani na bayan rahoton, waɗancan shafuka masu ƙananan haruffa da nake tsallakewa. Kusa da kusan kowane layi akwai wata 'yar lamba da ke nuna maka sashen da za ka je ka ga yadda aka fasa jimlar. Da na bi ta sai na tarar da asarar canjin kuɗi ta kusan biliyan 70. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sake wa naira mara a kasuwar gwamnati, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa wajen 900 a ƙarshen shekara. To duk kamfanin da ake bi bashi da dala, ranar rufe littafi dole ya mai da bashin zuwa naira da farashin wannan rana. A ce dala miliyan ɗaya ake bin ka. A farkon shekara naira miliyan 460 ce, a ƙarshenta ta zama miliyan 900. Ba ka ƙara cin bashin ko sisi ba, amma miliyan 440 ta hau kanka, kuma a shafin asara za a rubuta ta. MTN Najeriya ta fi kowa nuna wannan a shekarar: cinikinta ya haura naira tiriliyan biyu, asarar canji ta kai wajen biliyan 740, ta ƙare shekara da faɗuwar biliyan 137. Mu da muke kusa da Illela mun san wannan ciwo ta wata fuska, duk wanda ya ɗauko kaya bashi da sefa ya zo biya bayan naira ta faɗi ya ɗanɗana.

Shafin kadara da bashi kuwa kawuna ne ya buɗe mini shi, ba da niyya ba. Wata rana da la'asar ciniki ya lafa, ina bisa benci da takarduna, ya leƙo ya ce, "Kai ɗana, mi ka ka karatu haka?" Na ce, "Kawu, lissafin abin da kamfani ya mallaka ne da abin da ake bin shi, a rana guda, 31 ga Disamba." Na karanta masa: kuɗi a banki, kayan da ke sito, bashin da kamfani ke bin mutane, injina da filaye, sannan a ɗaya ɓangaren bashin da ake bin kamfanin, abin da ya rage shi ne rabon masu jari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wanga abu ai shi mu ka yi duk shekara in za mu hidda zakka." Wallahi sai da na ajiye biro. Haka yake yi kuwa. Idan shekara ta zagayo sai ya rufe shago rabin yini, mu ƙirga kuɗin hannu, mu yi wa haja ƙima, ya ɗauko tsohon littafin bashi mai baƙin bango ya riƙa bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, wannan zai biya, wannan sai dai addu'a. Wanda yake sa ran samu ya haɗa, wanda ya fid da rai ya ware. Kamfanoni ma suna ware wani kaso na bashin da suke bi su ce wannan mai yiwuwa ba zai dawo ba, su rage shi daga kadara. Bambancin da na lura da shi, kawu da farashin kasuwa na ranar yake yi wa haja ƙima, su kuwa akantoci suna duba kuɗin da aka kashe a kan kayan da abin da za a samu in an sayar, su ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta.

Daga nan ne bayanin shige da ficen kuɗi ya zauna mini, kuma a ganina shi ya fi cancanta mai koyo ya daɗe a kansa. Ga misali da lissafin shago. Mu ƙaddara tirela guda, buhu 600, an sauke mana a kan naira 9,500 kowane buhu, mun biya miliyan 5 da dubu 700 nan take. Mun sayar da duka a kan 10,000. A takarda ribar dubu 300 ce. Amma buhu 200 wani ɗan kwangila ne ya kwasa, sai an biya shi zai biya mu. Abin da ya shigo akwati miliyan 4 ne kacal. Riba tana nan a rubuce, akwati kuwa ya yi giɓin miliyan 1 da dubu 700, kuma ba a ɗauko wata tirelar da ribar takarda. Irin wannan ta taɓa samun mu da gaske, muka yi wata biyu shago kusan wayam, mai bashin kullum gobe.

Shafin shige da ficen kuɗi yana farawa da riba, sannan ya riƙa gyara ta har ta koma tsabar kuɗi. Ana mai da tsufan injina, domin an cire shi daga riba alhali ba wanda aka miƙa wa kuɗin, raba farashin injin ne kawai aka yi a kan shekarun da zai yi aiki. Asarar canji da ba a kai ga biya ba ita ma ana mai da ita. Idan bashin da ake bin masu saye ya ƙaru, a rage. Idan kaya sun taru a sito, a rage. Kashi uku ne shafin: kuɗin da sana'ar kanta ta kawo, kuɗin da aka zuba a gini da injina, da kuɗin da aka ranto ko aka biya masu bashi da masu hannun jari. Yanzu in na buɗe sabon rahoto, bayan na karanta ra'ayin odita na waje da ya binciki littafin, nan nake fara zuwa, in ɗora riba kusa da kuɗin da sana'a ta kawo na shekara biyu ko uku. In riba na hawa kuɗin na sauka, sai in koma in duba waye ya ci bashi bai biya ba.

Akwai wani abu da na san yana ran da yawa daga cikinmu, maganar kuɗin ruwa. Rahoton ba ya ɓoye shi, akwai layin ruwan da kamfani ya biya da wanda ya karɓa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta sa ma'auni ga mai son sayen hannun jari: bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga da bai halatta ba kada ya wuce kashi 5. A NGX ma akwai jerin Lotus na kamfanonin da aka tace bisa shari'a. Ni dai lissafin nake koyon yi da kaina, hukuncin kuma in kai wa malaminmu da lambobin a hannu, ya fi in je masa da ji-ta-ji-ta.

Ban sayi hannun jari ko ɗaya ba tukuna, kuma ba na gaggawa. Na sayi littafi mai layi na ja masa gida biyar: ciniki, riba, kuɗin da sana'a ta kawo, bashi, jarin masu kamfani. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan cika shi da lambobin Dangote Cement na shekarun nan biyu, in jera su da na BUA, tunda sana'arsu ɗaya, in ga wa ya fi riƙe riba a cikin naira 100. Kawu kuma ya yarda in rubuta wa shagonmu nasa shafin na shige da ficen kuɗi na wannan wata, ya riga ya miƙo mini littafin bashin.